Sabbi Biyu a Gaba

Duk wanda ya san Baba Direba ya san shi da tsumma a kafaɗa. Ko masallaci zai shiga, sai a bakin ƙofa yake tunawa ya cusa shi a aljihu. Tsoffin abokan aikinsa na tasha kuwa Kunne suke ce masa, domin tun yana yaron mota, yana kwance bisa kaya a bayan babbar mota, yakan bubbuga ƙarfe ya ce wa ubangidansa a tsaya, wani abu ya kwance a ƙasa. A daka masa tsawa, a tsaya dai a duba, a tarar da gaskiyarsa. Daga babbar mota ya koma tasi, daga tasi Maigida ya ɗauke shi, lokacin Maigida bai mallaki komai ba sai shago ɗaya, mota ɗaya da yara biyu. A gidan nan kansa ya yi fari.

Shi ya kai yaran gidan makaranta, shi ya ɗauko su, shi ya raba su faɗa a kujerar baya. Babban ɗan gidan, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, Sarkin Kuka Baba yake ce masa a wancan zamani, saboda daga ƙofar gida har ƙofar aji ba ya rufe baki. Yau Yallaɓai yake ce masa, har da ɗan rusunawa. Auta ce kaɗai girma bai canja ba. Ta gama karatu, ta kama aiki, amma har gobe ba ta fita sai ta leƙa gareji ta ce, "Baba, an tashi lafiya?"

Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Maigida, hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, harshe kuma ya yi nauyi. Likitoci suka ce sai an riƙa kai shi gashin ƙashi duk mako a wani asibiti da ke wani gari. Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce. Daga gidan mai na ƙarshe sai daji da hawa da gangara, babu ƙauye a bakin titi, babu inuwar kirki, waya ma ba ta kamawa sai jefi-jefi, da damina kuma ruwa kan cinye gefen kwalta. Saboda hanyar nan Yaya Babba ya aiko da sabuwar mota, doguwa, mai ja da ƙafa huɗu. Ya so kuma ya haɗo ta da sabon direba.

Baba yana wanke motar a ƙarƙashin tagar falo ya ji yadda aka ƙare. Ba laɓe ya yi ba, Yaya Babba ne Allah ya hore wa murya.

"Mutumin nan ya tsufa, Auta. A ba shi haƙƙinsa ya je ya huta."

"Yaya, Abba bai yarda da tuƙin kowa ba sai nasa. Kai ma ka sani."

"Na sani. To ki ji da kyau. Ranar da aka samu matsala ta farko a hanyar nan da Abba a cikin mota, ranar zan karɓi makulli, kuma kada ki zo min da kuka."

"Na ji. Ba za a samu ba."

Baba ya matse tsummansa a hankali don kada ƙarar ruwa ta tona shi. Tun daga ranar yake tuƙi da maganar nan zaune a ƙirjinsa. Ba albashin ba ne kawai. In aka karɓe makullin nan bai san me zai tashi ya yi da safe ba, kuma Auta ta riga ta ɗora bakinta a kansa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ko faci ba a taɓa yi a hanyar asibiti ba.

Motar dai bai taɓa ƙaunarta ba, a faɗi gaskiya. Motocin da ya saba da su suna magana da mutum, su yi tari, su yi nishi, ka san inda ke musu ciwo. Wannan kuwa shiru-shiru ce, in tana da magana sai ta kunna maka wata 'yar fitila a gaban sitiyari. Tsoffin masu ƙafa huɗu da ya sani suna da ɗan ƙaramin giya a gefe, ka zo laka ka sa shi da hannunka, ka fita ka cire. Wannan babu ruwanta da hannunka, kullum ƙafafun huɗu suna ja, ita ke raba musu ƙarfi yadda ta ga dama. Da aka yi wa Baba bayani ya ce ya ji, amma a ransa mota mota ce, taya kuma taya ce.

A kan taya kuwa yana da doka, kuma a kanta ya tsufa. Sabbi biyu a gaba, don gaba ke riƙe sitiyari. Tsofaffi masu sauran ƙarfi su zauna a baya. Mai dama-dama ta zama safaya. Wadda ta mutu murus ya kai ta gida. Tsakar gidansa cike yake da tayoyin Maigida, wata an cika ta da ƙasa an shuka barkono, wata an tsaga kaji na shan ruwa a ciki, wasu jikoki na hawa. Matarsa takan ce da taya na haihuwa da tuni sun rasa wurin shimfiɗa tabarma. Shi dai bai taɓa jefar da tayar da ke da sauran zane ba, kuma yana ganin direban da ke yin haka ba ya tsoron Allah a dukiyar mutane.

Wata safiya ya fita shi kaɗai karɓo maganin Maigida, sai wani guntun rodi da magina suka bari a bakin titi ya yanke tayar gaba ta dama a gefe. Mai faci ya juya ta, ya tura yatsa cikin yankan, ya girgiza kai. Yankan gefe ba ya facuwa. Tayoyin kuwa su ne waɗanda motar ta zo da su daga kamfani. Sun ci fiye da rabin zanensu, amma a idon Baba da sauransu sosai. Auta ta ba shi kuɗin huɗu, ta ce Yaya ya taɓa cewa irin na kamfani za a riƙa sa mata. Baba ya ce to.

Shagon mai taya dogo ne mai duhu, tayoyi jere har rufi, warin roba kamar zai shaƙe mutum. Mai tayar ya fito yana sakace, ya zagaya motar, ya durƙusa ya karanta gefen taya.

"Baba, irin na kamfanin nan sun ƙare, sai kaya sun iso. Amma ina da huɗu iri ɗaya na wani kamfani, lambarsu daidai da taka. A sa maka su ka huta."

"Huɗu na mene ne? Ɗaya ce ta mutu."

"Ai irin motar nan ba a yi mata ɗaya ko biyu. Huɗu ake sauyawa tare, kuma iri ɗaya."

Baba ya yi murmushin wanda ya kwana biyu a duniya. Tun kafin a haifi mai tayar nan yake sayen taya, kuma bai taɓa haɗuwa da mai tayar da ya ce wa mutum ya sayi kaɗan ba. Ya shige cikin shagon da kansa, yana shafa wannan yana ƙwanƙwasa waccan, har ya kai lungu ya ga wasu biyu masu kaurin zane, irin masu cizon laka. Ya tuna wani hawa a hanyar asibiti inda ruwa ke kwanciya a gindinsa. Ya duba lamba, daidai take da ta motarsa.

"Waɗannan."

"Su biyu kaɗai suka rage, Baba. Kuma zanensu ya yi zurfi, za su fi na bayanka tsayi."

"Lamba ɗaya ce ko ba ɗaya ba?"

"Ɗaya ce, amma..."

"To sa su a gaba."

Mai tayar ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai na faɗa."

Baba ya mayar wa Auta ragowar kuɗinta. Ta yi ta godiya, tana cewa shi ya sa ba ta haɗa shi da kowa. Ranar ya koma gida da fara'a, har ya tsaya ya saya wa jikoki alewa.

A ƙofar gidan Maigida ya fara ji. Shigar gidan tana da kwana mai tsauri, sai ka murɗe sitiyari har ƙarshe. Da ya murɗe, motar ta ɗan yi tirjiya, tayoyi suka kankari siminti, sannan ta saki. Ya ce a ransa sabon zane ne, zai kwanta. A tafiyar asibiti ta makon nan, suna kan hanyar dawowa, wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujerarsa, siriri, wanda ba kowa zai ji ba. 'Yar fitila ta ƙyafta ta ɗauke. Da suka iso aka shigar da Maigida, ya durƙusa ya tura hannu ƙarƙashin motar, zafi ya kore shi, ga kuma ƙauri irin na man da ya daɗe a wuta.

Nan ne fa ya kamata ya tafi gun bakanike. Bai je ba. Ya duba man inji, lafiya. Ya duba ruwa, lafiya. Ya ƙara iska, ya rage iska. Ya zargi man da aka zuba a gidan mai, ya zargi kwalta, ya zargi zafin rana, ya zargi kowa ban da tayoyin da ya zaɓa da hannunsa. Shi da bai taɓa yarda a kunna rediyo a motarsa ba, don ya ce yana hana shi jin inji, sai ga shi ya kunna.

"Baba, yau kai ne da rediyo?" in ji Auta, ranar da ya sauke ta wurin aiki.

"Labarai nake ji."

"Waƙa ce fa suke sawa."

Ya yi dariyar yaƙe, ya rage murya.

Ana gobe tafiyar asibiti ya kasa daurewa. Ya kai motar garejin wani bakanike da suka san juna tun zamanin tasi, mutum mai ƙiba da gajeren haƙuri, wanda ke gyaran motocin zamani a wani fili mai rumfar kwano da rami a tsakiya. Bakaniken bai ko buɗe inji ba. Ya zagaya motar sau ɗaya ya tsaya.

"Kunne, wa ya sa maka tayoyin nan?"

"Ni."

"Kai?"

"Lambarsu ɗaya."

Bakaniken ya ɗauko alli ya ja layi a gefen kowace taya, daidai inda ta taɓa ƙasa, ya ce Baba ya ja motar a miƙe a hankali zuwa ƙarshen fili. Baba ya ja, ya sauko. Layin tayoyin gaba yana wuri ɗaya, na baya ya riga ya wuce shi. Da farko tare suka tashi.

"Ka gani? Na gaba sun fi na baya girma. Kaɗan ne, ido ba ya gani, amma ita tana ji. Kafin na baya su kamo na gaba sai sun ƙara juyi. A tsakiyarsu akwai akwatin da ke raba musu ƙarfi, shi ke shan wahalar sasanta su daga ƙofar gida har inda za ka. A cikin gari yana samun hutu. A doguwar hanya zafi yake ɗauka har mansa ya ƙone."

Ya shiga rami, ya kwance wani noti, ya fito da mai a yatsa ya kai wa Baba hanci. Baƙi ne wuluk, yana ƙauri.

"Ya mutu?"

"Bai mutu ba, amma ya ji jiki."

"Zai kai ni asibiti gobe ya dawo da ni?"

"Zai iya. Zai iya kuma ya cije a tsakiyar hawa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ban san gaibu ba. In ni ne dai, ba zan sa mara lafiya a ciki ba."

"In na ƙara rage wa na gaba iska fa?"

"Haba Kunne, kai ne da wannan tambayar? Je ka faɗa musu. A sa huɗu iri ɗaya, a sauya man nan, a bar ta a cikin gari tukuna mu saurare ta. Gobe su nemi wata motar."

A hanya Baba ya shirya maganarsa tsaf. Auta zai samu ita kaɗai, ya ce mata ga abin da ya yi, ga abin da mai taya ya ce, ga abin da bakanike ya gani. Za ta ji zafi, amma za ta san yadda za ta yi. Ya sha kwanar ƙofar gida, motar ta yi tirjiyarta, sai ya ga ƙaramar motar Yaya Babba a tsakar gida.

Suna zaune a baranda, wa da ƙanwa, da kofunan shayi a gabansu. Yaya Babba ya rame, idonsa ya faɗa, da gani ba ya samun barci yadda ya kamata. Baba ya gaishe shi.

"Yaya, ga mutumin da ka ce ya tsufa," in ji Auta tana murmushi. "Kuɗin taya huɗu na ba shi, ya dawo min da ragowa. Faɗa min direban zamanin da zai yi haka."

"Irin na kamfani aka sa, Baba?"

Ga ƙofa an buɗe masa. Ya dubi Auta, fuskarta cike da jin daɗin ta ci gardama a kan wanta.

"Babu su a kasuwa, Yallaɓai. Amma lambarsu ɗaya."

"To shi ke nan. Motar dai lafiya?"

"Tana tafiya."

"Madalla. Sannu da ƙoƙari, Baba, Allah Ya saka da alheri. Gobe tare za mu, ina son ganin likitan da kaina."

Da tsawa ya yi masa da ya fi sauƙi. Baba ya ce Allah Ya kai mu, ya juya. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ya faɗa, kuma ya san abin da ya yi ya fi ƙarya muni.

A gida ya tasa abinci a gaba ya kasa ci. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, motar ce ko masu motar?" Ya ce gajiya ce. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana saƙa da warwara. Sau ɗaya ne kawai. Zai tafi a hankali, ya tsaya nan da can da sunan duba ruwa, akwatin ya huce. Bakanike ma ai ya ce zai iya kaiwa. In aka dawo lafiya, Yallaɓai ya koma inda ya fito, sai ya samu Auta su gyara komai tsakaninsu. Ya yi ta juya dabarar nan har ta fara yi masa kama da hankali.

Da safe shi ya ɗauko Maigida daga keken guragu kamar kullum. Ya san yadda ake yi, hannu ɗaya a ƙarƙashin hammata, ɗaya a bayan gwiwa, a fara shigar da ƙafar da ba ta motsi, a tokare ɓarin dama da matashi. Maigida ya zama ba nauyi, mutumin da a da in ya shiga mota sai ta ɗan sunkuya. Auta ta zauna kusa da mahaifinta, Yaya Babba ya shiga gaba da waya a kunne. A kwanar ƙofa motar ta yi tirjiya har sau biyu. Baba ya saci kallon na gefensa, yana can yana faɗa da wani a waya.

Cikin gari komai lafiya. Da gidaje suka fara yin nesa da juna, titi ya miƙe, gurnanin ya taso, kuma yau ba siriri ba ne. Baba yana jin sa a tafin ƙafa, yana jin sa a ƙashin baya. Ya sassauta totur. Wata babbar mota ta wuce su tana huci.

Yaya Babba ya ajiye waya. "Me ke gurnani haka?"

"Sabbin taya ne, Yallaɓai. Zanensu da kauri."

"Ka ɗan taka mana, kada mu makara."

Ya ɗan taka. Sai 'yar fitilar ta kunnu, kuma wannan karon ba ta ɗauke ba. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya zare tsumma daga kafaɗa, ya goge gilashin gaban sitiyari kamar mai share ƙura, ya bar tsumman a nan ya rufe ta. Ya ci gaba da tuƙi yana kallon titi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara riƙe sitiyari.

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Kan Maigida ya karkata, idonsa a lumshe, Auta tana goge masa gefen baki. Mutumin nan ko zafin falo ba ya iya ɗauka in an ɗauke wuta, sai numfashinsa ya riƙa sarƙewa. Baba ya hango hawan nan na tsakiyar daji, rana tsaka, mota ta cije, babu inuwa, babu waya, ga Maigida a kujerar baya. Ya san wurin dutse-dutse. Ya san kuma ba kowace mota ke tsaya wa mutane a can ba.

Gidan mai na ƙarshe ya bayyana a hannun dama, da rumfarsa da wata bishiya a gefe. Tankinsa cike yake. Babu dalilin tsayawa. In ya wuce nan ya wuce, sai dai abin da Allah Ya yi. Ƙafarsa ta zauna a kan totur, mashigar farko ta wuce. Saura mashiga ta biyu, wadda motoci ke fita ta ciki. Ya taka birki, ya karya sitiyari, motar ta shiga tana tirjiya, ya kai ta ƙarƙashin bishiyar ya tsaya.

"Ba ka sha mai ba ne?" in ji Yaya Babba.

"Na sha."

"To mene ne?"

Baba ya janye tsumman daga kan fitilar. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Yallaɓai, motar nan ba za ta shiga daji da Maigida ba. Tayoyin da na sa ba su dace da ita ba. Biyu na sa, an ce min huɗu ake sawa, na ƙi ji. Sun ƙona akwatin da ke ƙasa. Tana iya tsayawa a ko'ina."

Yaya Babba ya buɗe ƙofa ya fita, ya durƙusa a gefen motar. Ba sai ya taɓa komai ba, ƙaurin ya isa. Ya miƙe ya zagayo ta gefen direba. Baba ya riga ya sauko.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun makon jiya nake ji. Jiya bakanike ya tabbatar min."

"Jiya. Kafin ka shigo gida ke nan."

"Kafin in shigo."

"Na tambaye ka, Baba."

"Ka tambaye ni."

Auta ta fito. "Yaya, ai ba a samu matsala a hanya ba. Shi ya tsaya da kansa. Da wani ne..."

"Bari, Auta," in ji Baba. "Kada ki ƙara sa bakinki a kaina. Na riga na zubar miki da shi sau ɗaya."

Kallon da ta yi masa babu fushi a ciki, kuma da ma a ce fushin ne, da ya fi masa sauƙi. Yaya Babba bai ɗaga murya ba, shi da murya ba ta yi masa wuya. Ya daɗe yana kallon mahaifinsa ta taga, sannan ya miƙa hannu. Baba ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora masa a tafi.

"Da jiya ka faɗa, Baba, wallahi taya kawai za mu saya."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya san gaskiya ce, kuma ita ta fi komai yi masa ciwo.

Yaya Babba ya yi waya, wani ƙaninsa ya kawo masa ƙaramar motarsa daga gida, ya zauna jiran bakanike da babbar. Da aka zo sauya wa Maigida mota, 'ya'yan suka kama shi su biyu, ƙafar da ba ta motsi ta maƙale a bakin ƙofa, Maigida ya yi wani nishi. Baba ya matso ba tare da an kira shi ba, ya ce su saki, ya ɗauke shi ya kai shi ɗaya motar ya zaunar.

"Ka shiga baya ka riƙe shi," in ji Yaya Babba, bai dube shi ba. "Motar nan tana jijjiga, kai ka san yadda ake tallafe shi."

Baba ya shiga baya. Auta ta zauna gaba, ta juya fuska wajen taga. Yaya Babba ya ja mota suka shiga daji. Tuƙinsa na mutanen birni ne, birki a makare, kwana da gudu, ramuka kuma sai ya faɗa yake ganinsu. Baba ya san kowane rami tun kafin a kai shi, sai dai ya ƙara riƙe kafaɗar Maigida ya ja bakinsa ya tsuke.

A gindin hawan farko motar ta faɗa wani rami, Maigida ya buɗe ido. Ya dubi wanda ke riƙe da shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya da ƙyar ya dubi ƙeyar mai tuƙi. Bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

"Wa... ke tuƙi?"

"Yallaɓai ne, Maigida."

"Kai... fa?"

A kujerar gaba Auta ta fara kuka a ɓoye.

"Ni na sauka, Maigida," in ji Baba, ya gyara masa matashin da ya zame.